Yadda Ake Sauraron Kundin Waƙoƙin Rok Daga Farko Har Ƙarshe

Mutum ba zai san kundin waƙoƙin rok, wato salon kiɗan Turawa mai dogaro da jitar lantarki da ganguna, ba matuƙar yana tsintar waƙa ɗaya ya bar saura, domin mawaƙan zamanin faifan garmaho sun jera waƙoƙinsu ne da niyyar a ji su bi da bi. Kundin da na fi so a koyi irin wannan sauraro da shi shi ne The Dark Side of the Moon, wanda ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila ta naɗa a ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road da ke Landan, ta kuma fitar a 1973.

Da farko ka ware minti 43 da ba wanda zai kira ka, ka kashe maɓallin da ke cakuɗa jerin waƙoƙi a wayarka, sannan ka sa abin sauraro a kunnuwanka biyu. Lasifikar waya ba za ta wadatar ba, saboda kundin yana buɗewa ne da bugun zuciya a hankali, wanda ƙaramar lasifika takan haɗiye shi gaba ɗaya.

A sauraron farko kada ka nemi ma'anar kalmomi. Ka bar sautin ya ɗauke ka, ka lura da yadda waƙa take shiga cikin 'yar'uwarta ba tare da an yi shiru a tsakani ba. Za ka ji agogo masu yawa sun buga a lokaci guda a farkon "Time", daga nan kuma muryar mawaƙiya Clare Torry ta tashi a "The Great Gig in the Sky", inda take rera kuka da kururuwa ba tare da baiti ko ɗaya ba. A nan fuskar farko ta faifan ta ƙare, kuma ina ba da shawarar ka dakata na minti ɗaya, kamar yadda mai garmaho yake tashi ya juya faifai, domin wannan ɗan hutu yana cikin tsarin aikin.

Sauraro na biyu na kayan kiɗa ne, kuma a nan "Money" ta cancanci a daɗe a kanta. Tana farawa da ƙarar tsabar kuɗi da injin ajiyar ciniki, suna yawo daga wannan kunne zuwa wancan. Ka ƙirga bugun jita mai kaurin amo da yatsanka a kan gwiwa, za ka tarar bakwai ne maimakon huɗun da kunne ya saba, shi ya sa kiɗan yake tafiya kamar mai ɗingishi. Da zarar David Gilmour, makaɗin jitar ƙungiyar, ya karɓe fage da jitarsa a tsakiyar waƙar sai lissafin ya koma huɗu, waƙar ta miƙe ta saki jiki, kuma wanda ya kama wannan sauyi da kunnensa ya fara jin aikin makaɗan ke nan.

Sai a karo na uku za ka buɗe baitocin da ɗan ƙungiyar Roger Waters ya rubuta a kan shuɗewar lokaci, kwaɗayin dukiya, yaƙi da taɓin hankali. A nawa kunnen "Us and Them" ce zuciyar kundin, ko da yake "Money" ta fi ta suna.

Kundin pop yana da nasa hali. Thriller na Michael Jackson, wanda Quincy Jones ya tsara kuma ya fito a 1982, waƙoƙi tara ne da kowace take tsaye da ƙafarta, don haka abin dubawa shi ne ko akwai wadda ta gaza 'yan'uwanta. Ni dai har yau ina ganin "The Girl Is Mine", wadda ya yi tare da Paul McCartney, ita ce mai rauni a cikinsu, amma ban yanke wannan hukunci ba sai da na ji ta sau uku a gurbinta na uku, gab da waƙar da kundin ya ci sunanta.