Kurakuran da ke kashe sabon talabijin tun bai shekara ba

Gyaran talabijin da kafa shi ita ce sana'ata, kuma na gaji da jin magana ɗaya a bakin masu kawo gyara: "Wallahi Malam, jiya da daddare lafiya ƙalau muka yi kallo." Na yarda. Amma yawancin waɗanda ake kawo mini ba tsufa ya kashe su ba. Allon nan mai faɗi ba irin tsohon talabijin mai ƙusumbi ba ne da yake jure duka da ƙura da kowace irin wuta. Mutane sun sauya talabijin, ba su sauya hali ba.

Babbar matsala ita ce wuta. Ƙa'idar wutar Najeriya bolt 230 ce, amma duk wanda ya taɓa sa mita a soket ya san abin da ke zuwa daban ne. Wani lokaci ta yi ƙasa har fanka ta kasa juyawa, wani lokaci ta dawo da ƙarfi ta fasa ƙwai. Mutum ya tara kuɗi wata da watanni ya sayi inci 55, sannan ya soka shi a ekistenshan ɗin da aka saya a bakin titi, wanda a jikinsa ake cajin waya, a jikinsa ake jona dutsen guga. In ka ce ya sayi abin kariya sai ya ce ai an rubuta 100 zuwa 240 a bayan talabijin ɗin. To, an rubuta. Wannan rubutu yana nufin zai yi aiki in wuta tana tsakanin nan, ba yana nufin zai tsira in ta yi tsalle ta wuce ba.

Kuma a daina ɗauka sitabilaiza maganin komai ce. Aikinta ɗaga wutar da ta yi ƙasa da sauke wadda ta ɗan hau. Bugun da ke zuwa cikin ƙiftawar ido lokacin da aka dawo da wuta ya fi ta sauri. Abin da ke taimakawa a nan shi ne ɗan gad ɗin nan mai jinkiri, wanda ke riƙe wuta na ɗan lokaci kafin ya sake ta. Ni a gidana biyun na haɗa, gad a bango, sitabilaiza a bayansa. Masu ƙaramin inji kuwa, ku ji tsoron Allah ku kashe talabijin kafin ku kashe inji. Lokacin da mai ya kusa ƙarewa, injin ya fara wannan numfashi na sama da ƙasa, wutar ma haka take yi, kuma bod ɗin wuta, wato farantin kayan lantarki da ke karɓar wuta a cikin talabijin, shi ke shan wahalar. Ku kuna zaune kuna cewa bari a ƙarasa minti biyar ɗin ƙwallon.

Akwai ƙofar da kusan kowa ke mantawa, ni ma sai da ta ci kuɗina na san ta. Na kafa wa wani Alhaji babban talabijin a falonsa, na sa masa gad, na sa sitabilaiza, na bugi ƙirji na ce ranka ya daɗe ka kwanta da ido biyu rufe. Damina ta shigo. Wani dare aka yi ruwa da tsawa, iyalinsa suka kashe soket kamar yadda na koya musu. Da safe talabijin yana kamawa, tambarin kamfani yana fitowa, amma duk ramukan HDMI, inda ake soka wayar da ke kawo hoto da murya daga dikoda, sun mutu, dikoda kuma tana warin ƙuna. Tsawar ba ta bi ta soket ba. Ta biyo wayar dish daga saman kwano, ta shiga dikoda, ta bi wayar HDMI ta sauka a kan babban bod. Da na buɗe bayan, sai ga ɗan baƙin tabo kusa da ramin, bai kai ƙwayar gero ba. Tunda ni na ba da tabbaci, ni na sayi bod daga aljihuna, kuma nemo irinsa sai da aka aika Alaba a Legas. Tun daga ranar, duk gidan da na yi aiki sai na kama hannun mai gida na nuna masa wayar da zai kwance a bayan dikoda da zarar hadari ya haɗu. Kashe soket bai isa ba, kashe rimot kuwa ba a ma maganarsa. A zare filogi, a kwance wayar dish ko ta eriya. Wanda ya ce ƙiwa yake ji, ya tanadi kuɗin bod.

Kuskure na biyu da ke ƙona mini rai shi ne haukan 4K. Allon 4K na gaskiya yana da ɗigon haske 3840 a kwance da 2160 a tsaye, sama da miliyan 8 ke nan, ninki huɗu na mai 1920 da 1080. Sai ka shiga gida ka tarar an sayi wannan allo, an haɗa shi da dikoda ta wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya. Wayar nan layi 576 ne iyakar abin da take iya ɗauka. Kamar mutum ya sayi sabuwar mota ne ya ɗaura mata tayar amalanke. Sannan a kira ni a ce an cuce su a kasuwa, hoto ya yi dishi-dishi, fuskar mai karanta labarai ta narke. Ba wanda ya cuce ku. Ku nemi wayar HDMI, ku shiga saitin dikoda ku ɗaga shi zuwa 1080. Kuma ba sai mai tsada da aka ce bakinta zinariya ne ba, matsakaiciya ta wadatar. Ko bayan haka, tashar da ke watsa ƙaramin hoto ƙarami za ta zo, girman allo sai dai ya ƙara tona asirinta.

Amma fa akwai cutar ta gaske. Wasu kwalaye an rubuta 4K da manyan baƙaƙe, alhali abin da ake nufi shi ne talabijin ɗin yana karɓar hoton, sai ya matse shi ya nuna a ƙaramin allo. Wasu kuma an manna musu sunan babban kamfani da gam. Ka duba lambar samfurin da ke bayan talabijin, ka duba wadda ke cikin saiti, su zo ɗaya, sannan ka neme ta a shafin kamfanin tun kana tsaye a shagon. Ka je da tef ɗin awo. Inci daga kusurwa zuwa kusurwa ake aunawa, allon kaɗai ban da baki: inci 32 kusan santimita 81 ne, 43 kusan 109, 55 kusan 140. Na sha auna "43" na ga bai kai ba. Araha ba ta ado.

Masu gidan kallon ƙwallo da masu barin tasha ɗaya tun safe har dare, ku rabu da nau'in allon da ake kira OLED. Baƙinsa ya fi na kowa kyau saboda kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, amma tambarin tasha da akwatin sakamakon wasa da ke tsaye wuri ɗaya suna iya barin inuwar da ba ta gogewa. QLED kuma, duk da kamar sunan, allo ne mai fitila a baya kamar sauran, ba ya cikin wannan haɗarin sosai. Wanda ya riga ya sayi OLED, ya kashe da rimot ya ba shi 'yan mintoci kafin ya zare filogi, don a lokacin yake daidaita ɗigoginsa. In hadari ne dai a zare kawai.

Hasken fitilun bayan allo kada a ƙure shi har ƙarshe. Saitin shago ne, an yi shi don ya ja ido a cikin kasuwa. Fitilun da ke bayan allo su ne suka fi saurin mutuwa, sai ka ji murya babu hoto. Ni rabi da ɗan ɗori nake barin nawa.

Talabijin na hannu da aka kwaso daga Japan ko Amurka, a karanta bayansa kafin a soka. Japan bolt 100 suke amfani da shi, Amurka 120, kuma na'urar kama tasharsu ba ta jituwa da tsarin DVB-T2 da ake amfani da shi a nan.

Sai shara. Uwargida, don Allah kada a fesa ruwa ko maganin goge gilashi a fuskar allo. Ruwan gangarawa yake yi zuwa ƙasa, inda siraran wayoyin allon suke manne, bayan kwana biyu sai layuka su fito a tsaye, kuma wannan sau da yawa ba ya gyaruwa. Lokacin hunturu a fara kaɗe ƙurar da tattausan ƙyalle busasshe, don in aka murza ta tana karce allo. Kada kuma a lulluɓe shi da mayafi yana kunne, ta ramukan baya yake fitar da zafi.

Masu jeren ɗakin amarya suna son maƙala shi can kusa da silin don ya yi kyau a hoto. Tsakiyar allo daidai idon wanda ke zaune ya kamata ta kasance.

Mai shirin kallon 4K ta intanet da datar waya ya sani awa ɗaya a Netflix tana iya cin gigabait 7.

Ɗauko shi daga kasuwa ma wani fagen ne. A tsaye ake ɗaukarsa cikin kwalinsa, ba a kwantar da shi a bayan adaidaita sahu a ɗora buhu a kai. Kafin ka biya, ka sa a kunna, ka sa filashi mai farin hoto zalla da baƙi zalla, ka matso ka duba ko akwai mataccen ɗigo ko tabon haske a gefe. Ka karɓi rasit mai lambar talabijin ɗin a jiki. Da zarar ka fita ƙofar shago allon ya tsage, garanti ba ya ɗaukar fasasshen allo, kuma kuɗin sabon allo kaɗan ya rage ya kamo kuɗin talabijin ɗin gaba ɗaya.