Kurakuran da masu shan maganin tairod suka fi yi wajen zaɓen kamfani

Jama'a wannan na masu raunin tairod ne, wato ƙwayar nan ta gaban wuya ta rage aiki, mutum ya dinga jin kasala da sanyi, ƙiba ba dalili, gashi na zuba, bayan gida ya yi tauri. Mata sun fi maza samunsa nesa ba kusa ba, shi ya sa da ku zan fi yi.

Na farko dai, wai mai tsada shi ne na gaske, mai araha kuma jabu ne. Ba haka ba ne. Euthyrox, Eltroxin, Synthroid na Amurka, Levothyrox da aka sani a Faransa da ƙasashen da ke bin tsarinta, duk sunayen kasuwa ne, ki juya kwalin za ki ga sinadarin ɗaya ne, levothyroxine. Wanda bai da wani suna sai levothyroxine ɗin kawai shi ma shi ne, in dai yana da rajista, a Najeriya ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. A Amurka ma hukumar kula da magunguna ta FDA ta tsananta doka a 2007, ta ce ƙarfin kowace ƙwaya ya tsaya tsakanin kashi 95 zuwa 105 na abin da aka rubuta, babban kamfani ko ƙarami. Don haka kar ki ci bashi saboda suna, gara mai araha da za ki iya saya duk wata a kan mai tsadan da za ki sha sati biyu ki tsaya.

Amma fa akwai wani kuskuren, kishiyar wannan, tunda duk ɗaya ne sai a dinga tsalle, wannan watan na Jamus, wata mai zuwa na Indiya, duk wanda mai kemis ya miƙo. Shi wannan maganin da maikirogiram ake auna shi, wato ma'auni ne ƙanƙani ƙwarai, ɗan bambanci kaɗan jiki na iya ji, kuma garin da ake dunƙula ƙwayar da shi kowane kamfani da irin nasa. Ku tuna abin da ya faru a Faransa a 2017, kamfanin Merck ya canza haɗin Levothyrox, ya cire sukarin madara ya sa wani garin da ake kira mannitol, sinadarin maganin bai canza ba sunan ma bai canza ba, amma dubban mutane suka fito suna kukan jiri da kasala da zubar gashi har aka dangana da kotu. Yawancin mutane in sun canza ba sa jin komai, gaskiya ne, sai dai ba ki san ko kina cikin 'yan kaɗan ɗin ba. Gyaran mai sauƙi ne, ki ɗau hoton kwalinki a waya, duk zuwa saye ki nuna. In babu shi a kasuwa ki karɓi wani mai lamba iri ɗaya, 50 da 50, 100 da 100, kar ki zauna ba magani, sannan ki faɗa wa likita a yi gwajin TSH, wato gwajin jinin da ke nuna ko adadin maganin ya yi miki daidai, bayan sati 6 zuwa 8. Ba bayan kwana uku ba don Allah, maganin yana ɗaukar kusan sati guda kafin rabinsa ya bar jini, gwajin gaggawa asarar kuɗi ne kawai.

Sai kuma masu ƙara wa kansu, wai sabon ba shi da ƙarfi bari in sha biyu. Abin da ke biyo baya faɗuwar gaba ne da rawar hannu da rashin barci, in ya daɗe ƙashi ya yi rauni, tsofaffi kuma zuciya ta rikice.

Wani abin da ke ba ni mamaki, sau da yawa kamfani ake zagi alhali karin kumallo ne mai laifin. An haɗiye ƙwaya da shayi mai kauri da madara, ko an bi ta da awara nan take, waken suya kuwa yana tare maganin a hanji. Da ruwa zalla ake sha, ciki ba komai, a jira minti 30 zuwa awa ɗaya. Maganin ƙarin jini, kalsiyam da farin ruwan nan na olsa, a ba su tazarar awa 4. Masu juna biyu ku kula da wannan sosai tunda a awo ana ba ku na ƙarin jinin, kuma da zarar ciki ya tabbata a je wa likita, yawanci sai an ƙara adadin maganin tairod ɗin. Da azumi a sha tun kafin sahur da rabin awa ko fiye, ko lokacin kwanciya in an yi awa 3 da cin abinci.

Ajiya ma haka, zafi da laima suna rage masa ƙarfi, wanda ya wuni a mota cikin zafin Afrilu ko Synthroid ne yana iya yin rauni. A bar shi cikin ledarsa, nesa da kicin da banɗaki.

In kin ji sauƙi kuma kar ki ajiye, sauƙin daga ƙwayar yake, mafi yawan masu wannan lalura sha ne na har abada, sai dai likita ya duba gwaji ya rage ko ya ƙara.