Kurakuran da aka fi yi wajen zana siffar allon hawan ruwa mai ƙyallen iska

Masu aikin hannu a Damagaram da ke sha'awar ƙera wannan allo, galibi a bidiyo suka fara ganinsa, siriri, yana tsalle kan igiyar teku a Hawayi. Sai su kwafi siffar yadda take. To wannan allo na gwanaye ne, girman jikinsa bai wuce lita 70 zuwa 90 ba, kuma sai iska mai ƙarfi ke ɗaga shi. A tabki irin na Gidimuni, inda iska ke kaɗawa ta ɗauke, wanda ya hau shi zai tsinci kansa cikin ruwa har gwiwa.

Ga lissafin. Lita ɗaya ta jikin allo tana ɗaukar kilo ɗaya a ruwan daɗi. Mutum mai kilo 75, allo kilo 12, ƙyalle da sandar da ke riƙe shi kilo 8, jimla kilo 95, wato allo mai lita 95. Wannan iyakarsa kada a nutse. Mai koyo ya ƙara lita 80 zuwa 100 a kai. Ruwan teku ya fi na tabki ɗaukar nauyi da kusan kashi 2.5 cikin 100, don haka kada a rage komai daga awon da aka gani na bakin teku. Wasu kuma su ƙara tsawo su bar faɗi, alhali faɗi ke hana allo kifewa sa'ad da ake jawo ƙyalle daga ruwa. Faɗin santimita 85 zuwa 90, tsawon 250 zuwa 265 ya wadatar.

Lanƙwasar cikin allo, daga hanci zuwa wutsiya, ita ce inda ido ke yaudarar mutum. In wutsiya ta ɗago da yawa, allo ya riƙa jan ruwa, ba zai taɓa sulɓewa a kan fuskar ruwa ba. In hanci ya kwanta, ƙaramar igiya ma sai ta binne shi. A bar shimfiɗaɗɗen wuri daga gaban wutsiya zuwa ƙarƙashin ƙafafu, sannan hanci ya tashi a hankali, ba kwana ɗaya ba. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a duba, kada a yarda da shafar hannu. Gefuna kuma, na gaba su zama masu kumburi don kada su sari ruwa, na baya su yi kaifi don ruwa ya saki allon.

Zane kuwa rabi ake yi a kwali, a juya shi kan layin tsakiya. Wanda ya zana ɓangarorin biyu daban-daban, allonsa zai riƙa karkata.

Ramin sanda ya zauna tsakanin santimita 130 da 140 daga wutsiya. Ya yi gaba, hanci ya danne. Ya yi baya, allo ya dinga juyowa cikin iska. A kewaye shi, shi da akwatin fiffiken ƙasa (fiffiken da ke ƙarƙashin wutsiya yana hana allo zamewa gefe), da soso mai tauri, don nan ne ake fara tsagewa. Inda ruwa bai da zurfi ko ciyawa ta yi yawa, gajeren fiffike mai kwantawa baya ya fi.

Sai batun zafi. Farin soson nan mai ƙwaya-ƙwaya, irin na cikin kwalin firij, wanda da shi ake yin cikin allon, ruwan gam na foliyesta narkar da shi yake yi nan take. Ruwan gam na efoksi kaɗai ake shafa masa. A Afirilu da Mayu, da zafi ya haura digiri 40, efoksi yakan daskare a cikin kwano kafin a gama shimfiɗa yadin gilashi da ake lulluɓe soson da shi. A dama kaɗan-kaɗan, kuma a yi aikin da yamma lokacin da zafi ke sauka: da hantsi iskar da ke cikin soso kumbura take yi, ta huda efoksin da ƙananan ƙofofi. Tun a zane a ware wurin kusar shaƙar iska, mai toshe ƙofar da iskar cikin soso ke fita, a bayan ramin sanda, a kwance ta in an fito daga ruwa, a ɗaure kafin a shiga. In babu ita, allon da aka bari a rana fatarsa za ta rabu da soso ta yi ƙululu. Fenti fari ko mai haske. Baƙi bai dace da ƙasarmu ba.