Yadda za ki taimaki yaro ya iya juyi in yana tafiya

Iyaye mata da ke kawo mini yara a ɗakin kine, wato wurin gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, nan garin Tawa, kusan duk bakinsu ɗaya: "Yana tafiya sarai, amma da an kira shi ya waiwayo sai ya zube." Ni kam a wurin juyi nake gane ƙwarin ƙafar yaro, don ya fi tafiyar miƙe wuya nesa ba kusa ba.

Juyi iri biyu ne. A ce yaro zai karkata dama. In ya kafa ƙafar hagu ya buɗe ta dama waje, nauyinsa na tsakanin ƙafafu biyu, da wuya ya faɗi. In kuwa ya murza a kan ta dama ya ƙetaro ta hagu ta gabanta, ƙafafu sun harɗe, wurin tsayuwa ya ƙuntata. Babba ma nan yake tangaɗi, balle ɗan wata 14 da kai ya yi wa jiki nauyi. Babba kuma ido da kai ke fara juyawa, sannan ƙirji, sannan ƙafa. Mai koyon tafiya shi gaba ɗaya yake juyowa kamar icce, da ƙananan taku, hannuwa a sama. Sai wajen shekara 7 tafiyar yaro ke kama ta manya, kada ki ƙosa.

Ki share tsakar gida da hantsi kafin ƙasa ta ɗau zafi, ko bayan la'asar, nesa da murhu da bakin rijiya. Cire masa takalmi, tafin ƙafa ya ji ƙasa. Kifa babbar roba a tsakiya, ki riƙe abin da yake so, ko da ludayi ne, ki riƙa kewaya robar da faɗi yana bin ki. Sunkuya abin ya zo daidai idonsa, don inda ido ya nufa nan jiki ke bi. Daga gefe za ki kira shi. Kiran baya shi ke sa shi murzawar nan da ke kada shi. Ku yi ta dama, ku yi ta hagu.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne jan yaro da hannu sama. Yana hana shi koyon daidaita kansa, fizga ɗaya kuma na iya gocar masa da gwiwar hannu. In zai faɗi, tallabe shi a ƙugu.

Da ya saba, matse kewayen, ki ba shi kofi ya riƙe, daga baya ku koma cikin rairayi.

In ya kai wata 18 bai tafi shi kaɗai ba, ko kullum gefe ɗaya yake juyawa yana jan ƙafa, ko ɗingishi ya ƙi wucewa, ki kai shi likita. In ƙafa ta saki farat ɗaya, a ranar za ki kai shi, a duba ko shan inna ce.