Yadda ake sauraren Blonde on Blonde, kundin Bob Dylan mai faifai biyu

Wanda ya saba da waƙoƙin minti uku da ake turawa a waya, idan aka miƙa masa kundi mai tsawon kusan minti 73 da aka yi tun 1966, cikin Turancin da masu harshen ma har yau suke gardama kan ma'anarsa, yana iya gajiya kafin a kai waƙa ta uku. Kundin shi ne Blonde on Blonde na Bob Dylan, mawaƙin Amurka da aka ba kyautar Nobel ta adabi a 2016, kuma yana cikin na farko-farko a kiɗan rok da suka fito a faifan garmaho biyu cikin kwali ɗaya. Galibin masu gajiya da shi suna kunna shi ne a dunƙule, daga farko har ƙarshe, suna wani aikin, alhali an gina shi ne fuska huɗu, kowace da farkonta da ƙarshenta. Wanda ya kiyaye wannan tsari ya rage wa kansa rabin wahala.

Kafin a danna komai, yana da kyau a san inda mai waƙar ya fito. An haifi Dylan a 1941 a jihar Minnesota, ya yi suna a birnin Niyok a farkon shekarun 1960 yana tsayawa shi kaɗai da jitar katako da ɗan abin busa da ake kira hamonika rataye a wuyansa, yana rera tsofaffin waƙoƙin gargajiya da nasa na kansa kan yaƙi da wariyar launin fata. Mutumin Jos ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin ya san marigayi Ɗan Maraya da kuntiginsa, mutum ɗaya da kayan kiɗa ɗaya, babu 'yan amshi, yana waƙar karen mota da sauran talakawa. A ƙaddara cewa wata rana Ɗan Maraya ya hau dandamali da ganguna da jitocin lantarki, ya kuma daina waƙar jama'a ya koma waƙar abin da ke cikin zuciyarsa. Abin da Dylan ya yi ke nan a bikin waƙoƙin gargajiya na Newport a watan Yulin 1965, kuma wasu daga cikin masoyansa sun yi masa ihu. Blonde on Blonde shi ne na uku a jerin kundayen da ya yi cikin wannan sabon salo, bayan Bringing It All Back Home da Highway 61 Revisited, waɗanda duka suka fito a 1965. Yana da shekara 24 lokacin da ya ɗauki waƙoƙin.

Faifan garmaho mai faɗin inci 12 yana ɗaukar minti ashirin da 'yan kai a kowace fuska, don haka waƙoƙi 14 ɗin suka rabu kamar haka: huɗu a fuska ta farko, huɗu a ta biyu, biyar a ta uku, sannan waƙa ɗaya tak ta cinye ta huɗu. Manhajojin sauraro irin su Spotify da YouTube suna jero su ne a layi ɗaya, babu alamar inda aka rabu, saboda haka mai sauraro ne zai yi wa kansa iyaka. Ya tsaya bayan waƙa ta huɗu, da ta takwas, da ta goma sha uku, ya tashi ya miƙe ƙafa ko ya sha shayi, kamar yadda mai faifai yake tashi dole ya juya shi. Ya kuma tabbatar ya kashe maɓallin da ke cakuɗa jerin waƙoƙi, domin idan waƙar ƙarshe ta zo a ta biyu, an rushe ginin gaba ɗaya.

A sauke kundin a waya tun da rana, don kada yankewar intanet ta katse waƙa a tsakiya, a kuma cika batir tun da akwai wuta. Sifikar waya ba ta isa ba, domin tana haɗiye jita mai kaurin murya da ogan (kayan kiɗa mai maɓallai irin na fiyano), kuma a kansu ne yawancin waƙoƙin suke tafiya. Iyafis mai kyau ko sifikar ɗaki ya fi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan isha'i, sa'ad da hayaniyar Bauchi Road da Taminus a Jos ta lafa, musamman a sanyin Disamba da Janairu da ke kora kowa ɗaki da wuri. Da yawa daga cikin waƙoƙin da dare aka ɗauke su, kuma maganar dare suke yi.

A zagaye na farko kada a buɗe rubutattun baitoci. Wannan ita ce shawarar da aka fi ƙin bi, musamman masu ilimin Turanci, waɗanda ke son su fassara kowane layi kafin su wuce, har waƙar ta ƙare ba su ji ta ba. A bar kunne ya saba da muryar tukuna. Murya ce ta hanci, yana jan wasulla yana lanƙwasa su, yana jinkirta kalma har sai an zaci kiɗan zai bar shi a baya, sannan ya cim masa daidai kan gaɓa. Mai neman zaƙin murya ba zai same shi a nan ba. Abin lura shi ne inda yake ɗora nauyi a layi, da yadda kalma ɗaya take fitowa da raini a wannan baiti, ta fito da tausayi a na gaba.

Sai kuma makaɗan, waɗanda labarinsu ke bayyana dalilin da ya sa sautin ya bambanta da na kundayensa na baya. An fara aikin a Niyok a watan Oktoban 1965 da ƙungiyar da ke raka shi yawon wasa, wadda daga baya ta shahara da sunan The Band, amma bayan watanni waƙa ɗaya kawai daga can ta shiga kundin, wato "One of Us Must Know", wadda ke rufe fuska ta farko. Mai shirya aikin, Bob Johnston, ya ba da shawarar a koma Nashville a jihar Tennessee, cibiyar kiɗan karkara na Amurka, inda ake da ƙwararrun makaɗan situdiyo. Dylan ya tafi da mutum biyu, Al Kooper mai ogan da Robbie Robertson mai jita, aka haɗa su da makaɗan situdiyo irin su Charlie McCoy da Kenny Buttrey mai ganguna da Joe South, aka yi sauran aikin a watannin Fabrairu da Maris na 1966. Don haka abin da kunne zai nema shi ne haɗuwar hannu biyu: tsafta da natsuwar mutanen Nashville, waɗanda ba sa buga abin da ya wuce bukata, da kaifin jitar Robertson da ogan ɗin Kooper da ke yawo a bayan murya.

Waƙar farko, "Rainy Day Women #12 & 35", tana ruɗar baƙo. Kiɗan badujala ne da ƙaho da ihu da dariya, wasu gidajen rediyo ma sun ƙi sa ta bisa zargin tana nuni ga shaye-shaye, duk da haka ta kai matsayi na 2 a jadawalin waƙoƙin Amurka. A ganina ita ce mafi rauni a kundin, kuma kada a yanke masa hukunci da ita. Wadda ta cancanci a zauna mata ita ce ta uku, "Visions of Johanna", mai tsawon minti bakwai da rabi. Mutum ne a ɗaki cikin dare, akwai wata mace, Louise, a kusa, amma hankalinsa yana kan Johanna wadda ba ta nan kuma ba ta taɓa bayyana har waƙar ta ƙare. A nan a bi jita mai kaurin murya ta Joe South, yadda take bugawa a hankali ba ta gaggawa, da yadda Buttrey ke shigo da ganga bayan hamonika ta buɗe. Kowane baiti yana yawo inda ya ga dama, daga ɗaki zuwa titi zuwa gidan adana kayan tarihi, amma dole ya dawo kan sunan Johanna a layin ƙarshe, kuma a baiti na biyar Dylan yana ƙara layuka masu amsa-amo ɗaya, yana jan rai, kafin ya sake shi. An gwada waƙar sau da yawa a Niyok ba ta zauna ba, sai a Nashville.

Fuska ta biyu ita ce mafi sauƙin shiga, kuma wanda ke da minti ashirin kawai ya fara da ita. "I Want You" tana da karin da ke kama kunne nan take. Mai bi mata, "Stuck Inside of Mobile with the Memphis Blues Again", baiti tara ce, kowane da baƙin mutane da abin da ya same su, kowane kuma yana faɗawa cikin amshi guda na mutumin da ya maƙale a wani gari zuciyarsa tana wani. Ba a bukatar a gane kowane mutum a ciki. Jin daɗin yana wajen sauraren yadda zai fito daga wannan baiti ya iso amshin. "Leopard-Skin Pill-Box Hat" zambo ce tsantsa ga wata mace da hularta ta yayi, a kan kiɗan buluz na baƙaƙen fatar Amurka. Ita kuwa "Just Like a Woman" an daɗe ana sukarta da cewa tana ƙasƙantar da mata, kuma sukar tana da tushe a wasu layukan, sai dai wanda ya kai baitin ƙarshe zai ji mai waƙar ne yake roƙon a rufa masa asiri.

Ta uku ana yawan tsallake ta, kuma ita ce fuskar makaɗa. Kooper ya ba da labarin cewa a "Most Likely You Go Your Way and I'll Go Mine", McCoy ya riƙe jita mai kaurin murya da hannu ɗaya yana busa ƙaho da ɗayan a lokaci guda, don kada a sake ɗauka. A saurari fiyanon Hargus Robbins, makaho ne, a "Temporary Like Achilles", sannan a lura cewa hamonikar da ke "Obviously 5 Believers" ta McCoy ce, kuma bambancinta da ta Dylan a fili yake.

Fuska ta huɗu tana bukatar hutu na sosai kafin a shige ta, ko ma a bar ta sai wani daren. "Sad Eyed Lady of the Lowlands" ta haura minti 11, kuma an ɗauke ta ne wajen ƙarfe huɗu na asuba, bayan makaɗan sun shafe sa'o'i suna karta suna jiran Dylan ya gama rubutu. Buttrey ya faɗa daga baya cewa ba a gaya musu tsawonta ba, saboda haka suka riƙa ƙara ƙarfi a amshi suna zaton an zo ƙarshe, sai Dylan ya busa hamonika ya shiga wani baitin, dole su sauko su sake hawa. Wanda ya san wannan zai ji shi da kunnensa: kiɗan yana kumbura yana sacewa har sau biyar, kuma abin da ya faro daga rashin sani shi ya ba waƙar siffarta. Baitocin jerin siffofi ne na mace ɗaya, bakinta da idanunta da kayanta da tarihinta, ana ta tambayar wa ya isa ya mallake ta. Dylan ya auri Sara Lownds a watan Nuwamban 1965, kuma a wata waƙa da ya fitar a 1976 ya ce dominta ya rubuta wannan. Wasu na ganin ta yi tsawo fiye da abin da take ɗauke da shi. Ni ina ganin tsawon ne abin da take ɗauke da shi, kuma wanda ya katse ta a minti na biyar bai ji ta ba.

Sai a zagaye na biyu ko na uku ne za a buɗe baitocin, waɗanda ke nan a shafin Dylan na intanet, a riƙa bi da ido ana saurare. A nan ma akwai hanya. A fara da tambayar wa ke magana, da wa yake yi, kuma yana roƙo ne ko gori ko habaici, domin kusan dukkan waƙoƙin maganar mutum biyu ce da tsakaninsu ya lalace ko yake shirin lalacewa. Layin da ya ƙi fassaruwa a bar shi, kada a tsaya kokawa da shi, domin sau da yawa amsa-amo ne ya jawo hoton, kuma aikinsa shi ne ya sa yanayi. Akwai masu sharhi da suka cika littattafai suna neman wace mace ce ake nufi a kowace waƙa. Wannan bincike yana da daɗin hira, amma ba ya ƙara wa kunne komai.

Idan manhajar ta ba da zaɓi, a gwada haɗin sauti na mono, wanda duk kayan kiɗan ke fitowa ta hanya ɗaya, domin shi aka fi ba muhimmanci a 1966, kuma murya da ganguna sun fi haɗuwa a cikinsa. Bayan kundin ya zauna a kunne, mataki na gaba shi ne wasan da Dylan ya yi a Manchesta ta Ingila ranar 17 ga Mayu, 1966, wanda kamfanin Columbia ya fitar a hukumance a 1998. A rabin farko yana rera "Visions of Johanna" da "4th Time Around" da "Just Like a Woman" shi kaɗai da jitar katako da hamonika, a rabi na biyu kuma makaɗan lantarki suka shigo, har wani daga cikin 'yan kallo ya kira shi maci amana da sunan Yahuza. A jera "Visions of Johanna" ta Manchesta da ta Nashville, a saurare su ɗaya bayan ɗaya, a lura da abin da ganga da ogan suka ƙara, da kuma yadda yake jan layukan idan babu mai riƙe masa lokaci.