Yadda za ka saka sa hannu a ƙasan imel ɗinka na jami'a

Wata Dakta a sashenmu nan Naraguta, Jami'ar Jos, ta nuna min imel ɗin da wani editan mujalla daga Ingila ya turo mata, karo na uku kenan yana ce mata "Dear Sir", kuma abin ya dame ta sosai don shekara biyu ta yi tana fama da binciken nan. Da na duba ƙasan saƙonta sai na ga Dr. ne kawai da harafi ɗaya da sunan babanta, to Bature ta ina zai gane mace ce? Mu kanmu ko "ka tashi lafiya" ko "kin tashi lafiya" sai mun san da wa muke magana.

A nan ofis muka zauna muka gyara sa hannun nata, wato bayanan mai saƙo da ke fitowa ƙasan imel, ko minti biyar bai ci ba.

In Gmail kake amfani da shi, ka buɗe a kwamfuta, ka danna alamar nan mai kama da giyar inji (gear) da ke sama ta dama, sai See all settings, ka gangara ƙasa har ka ga Signature, ka danna Create new ka ba shi suna. Masu Outlook su shiga Settings su nemo Signatures.

A akwatin rubutun, layin farko cikakken suna, don Allah kar ka gutsure shi, sai muƙaminka. A gefen sunan ko ƙasa da shi ka rubuta he/him in namiji ne, mace ta sa she/her, abin da Turawa ke dubawa kenan su san yadda za su kira mutum. Ba dole ba ne, amma ni ina ganin duk macen da ke Dakta ko Farfesa ta sa, tunda waɗannan laƙaban ba sa nuna jinsi. Sai sashe, tsangaya, sunan jami'a, da lambar waya wadda ta fara da +234 ka cire sifirin farko, saboda wanda ke waje ba zai same ka da 080 ba. Layi biyar ko shida ya isa, a bar jera digiri bakwai da kwafo hotuna masu nauyi, mai karantawa a waya datarsa ake ci.

Inda mutane ke yawan faɗuwa shi ne ƙasan akwatin, akwai Signature defaults, dole ka zaɓi sa hannun a wurin sabon imel da kuma wurin amsa, in ba haka ba ko ka rubuta ba zai fito ba, sannan ka gangara can ƙarshe ka danna Save Changes. Manhajar Gmail ta waya tana da nata daban a Settings, shi ma ka cika shi. Ka tura wa kanka imel ɗaya ka buɗe a waya ka ga yadda layukan suka zauna kafin ka tura wa HOD, wato shugaban sashe.