Yadda na gyara fayil ɗin ciniki da ke fitowa a yanke

A wani shagon kayan masarufi a Agege, manhajar lissafin da aka rubuta da yaren kwamfuta na C takan nuna ta adana cinikin yini, amma da safe a tarar da fayil ɗin a yanke. Da na bincika, sai na ga sakamakon fwrite, wato umarnin rubuta bayanai a fayil, kaɗai ake dubawa, alhali shi yakan tara bayanai ne a ma'ajin wucin gadi, don haka kuskuren cikar faifai, wato ENOSPC, yakan ɓuya sai an zo kan fflush, mai juye abin da ke ma'ajin zuwa fayil, ko fclose, mai rufe fayil ɗin. Na sa a riƙa duba dukansu, na kuma ƙara fsync, mai tabbatar da cewa bayanan sun sauka kan faifai, saboda yawan ɗauke wuta. Yanzu a sabon fayil ake rubutu, sai komai ya kammala sannan rename, umarnin sauya sunan fayil, ya ɗora shi a gurbin tsohon.